Rina gashi ruwan jan ƙarfe a gida: baƙin gashinmu zai ɗauka?

Ƙanwar Amarya: Assalamu alaikum ƴan uwa mata. Shawara nake nema kafin in taɓa kaina. Bikin yayata na tafe bayan ƙaramar salla, kuma ina so in sauya launin gashina. Launi biyu ne a raina. Ɗaya ruwan jan ƙarfe, irin na jar akuyarmu ta Maraɗi idan rana ta haske ta. Ɗayan ya fi shi haske, ruwan zinare mai ɗan sirkin ja, wanda ake rubuta blond vénitien a jikin kwali, kuma gaskiya shi na fi so. Na ga duka biyun a babbar kasuwa. Mai shagon ya ce in kwaɓa in shafa, minti 30 zai fito kamar na hoton. Gashina baƙi ne wuluk, kuma a gida nake so in yi. Wadda ta sani ta taimaka don Allah.

Tanti Mai Salon: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki sayi komai tukuna. Kin taɓa sa lalle a kai? Kin taɓa baƙin rini? Yaushe rabonki da defirizan, man miƙar da gashi?

Ƙanwar Amarya: Tanti, baƙin rini ban taɓa ba. Lalle na sa bara, mahaifiyarmu ce ta kwaɓa min saboda amosani. Defirizan na daina da daɗewa, amma bakin gashin har yanzu miƙaƙƙe ne, ban yanke ba.

Tanti Mai Salon: To kin ga, gashi iri uku ne a kanki. Gashi na tsiro kamar santimita 1 a wata, saboda haka daga tushe zuwa kamar tsawon tafin hannu sabo ne, bai san lalle ba. Tsakiya ya sha lalle. Baki kuma ya sha lalle ya sha defirizan. Kwali ɗaya ba zai ba su launi ɗaya ba.

Bari in yi miki bayanin lambobin da ke jikin kwalin, don da su ake cinikin, hoton yaudara ne. Lambar farko haske take nunawa, daga 1 zuwa 10. 1 baƙi ƙirin, 10 ya kusa fari. Yawancinmu muna 1 ne ko 2. Lambar da ke bayan ɗigo ita ce sirkin launin: a kwalayen da ke zuwa daga Faransa 3 zinare ne, 4 jan ƙarfe, 6 ja. Jan ƙarfen da kike so 6.4 ne ko 7.4. Na zinaren nan mai sirkin ja yana wajen 8 ne ko 9, kamar 8.34.

Sai ruwan da ake haɗawa da shi, oksidan. Mai lamba 20 yana ɗaga gashi mataki 1 zuwa 2, mai 30 mataki 2 zuwa 3. Yi lissafi da kanki. Daga 2 zuwa 9 mataki 7 ne. Babu kwalin da zai yi wannan tafiya. Matar da ke hoton kwalin gashinta dama mai haske ne. Idan kika shafa 8.34 a baƙin gashi, abin da za ki samu ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, tushen ya fi sauran haske, ki yi asarar kuɗinki.

Maman Ƴan Biyu: Tanti to waɗanda muke gani a TikTok baƙaƙe irinmu da gashin zinare fa?

Tanti Mai Salon: Da yawa hular gashi ce ko ƙari. Masu na gaske kuma hodar dekoloran, mai cire launin gashi, suka sha, sau biyu ko fiye, a hannun wadda ta iya, da hutu a tsakani. Idan hodar na cin baƙin gashi, bi da bi yake sauyawa: ruwan ƙasa, ja, ja mai ruwan lemo, ruwan lemo, sannan rawaya. Jan ƙarfe a ruwan lemo ake tsayawa, wato gashinmu da kansa yana ɗauke da shi a ciki, shi ya sa nake cewa launinmu ne. Na zinaren sai an wuce har rawaya, kuma a tsakanin lemo da rawaya ne gashi ke mutuwa.

Hajiya Inna: Ni dai ɗiyata abin ga bai kwanta mini ba. Mu da muka ga yunwar 2005 a garin nan, jan gashi ba ado ba ne a idonmu. Yaro in gashinshi ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa, tamowa ce, uwa ta goya shi ta tahi wurin awo. Har yau in na ga ja a kan yaro gabana faɗuwa yake. Allah ya ba ki baƙin gashi mai lahiya, ki sa kuɗɗi ki mai da shi kamar na marar lahiya? Ki sa lallenki ki shafa man kaɗanya ki yi kitso mai kyau, ya ishe ki biki.

Ƴar Tibiri: Haba Hajiya, ai ba ɗaya ba ne. Dattawa nawa ne ke rina gemu da lalle ya yi jawur, wa ya taɓa ce musu marasa lafiya?

Ma'aikaciyar Jinya: Ƴar Tibiri, ki bi Hajiya a hankali, abin da ta gani ne take faɗa, mu ma da ke aikin muna ganinsa har yanzu duk damina. Jan gashin tamowa daga rashin abinci mai gina jiki yake, jiki ya kasa yin baƙin launin, gashin ya sirance ya dushe. Na rini daga waje yake, ido na rabewa. Amma Hajiya kin tuna min abu mai muhimmanci: kada a rina wa yara. Kwalayen da ke zuwa daga Turai an rubuta a jikinsu cewa ba na ƴan ƙasa da shekara 16 ba ne. Ina ganin ana shafa wa ƙananan yara da salla, raina ba ya so ko kaɗan.

Ƴar Tibiri: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ban yi nufin raini ba. Amma maganar Tanti ma ina da ja. Ni da hoda da oksidan mai 40 na yi nawa a ɗaki, na rufe da leda na zauna a rana, ya fito da haske sosai a zama ɗaya, kuma ga gashina nan a kaina. Wani lokacin masu salon tsoratar da mutane suke don a zo wurinsu.

Tanti Mai Salon: Ban ce ta zo wurina ba, cewa ta yi a gida take so kuma a kan haka nake ba ta amsa. Ke gashinki gajere ne, na gani a hotonki, kuma ba ki defirizan. In ya lalace kin aske ya fito. Ita nata dogo ne mai tarihi. Sannan mai 40 da hoda a fatar kai ƙuna yake yi, na sha karɓar mata da ɓawon ciwo a ƙeya, wata ma wurin bai sake fitar da gashi ba. Zama a rana kuma, a zafin Afrilu da Mayu na garin nan da ke wuce digiri 40, hodar kan yi sauri fiye da yadda ido zai bi, gefen da ya bushe kuma ya tsaya cak. Shi ke kawo dabbare-dabbare. Kin tsira, alhamdu lillahi. Kada ki ba wata wannan hanyar.

Ƴar Tibiri: Na ji, amma ni dai ban ga illa ba.

Ɗalibar Kimiyya: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, bari in ƙara kaɗan a kan na Tanti. Oksidan ruwan oksijene ne, lambar ƙarfinsa take nunawa: 10 kashi 3 cikin 100 ne, 20 kashi 6, 30 kashi 9, 40 kashi 12. Amoniya da ke cikin rinin tana buɗe ɓawon silin gashi, oksidan ya shiga ya farfasa melanin, wato abin da ke ba gashi launi. Melanin iri biyu ne, mai baƙi da mai ja. Mai baƙin ya fi saurin rushewa, mai jan ya fi taurin kai, dalilin da ya sa ake bi ta ja da lemo ke nan.

Defirizan shi kuma soda ne mai ƙarfi ko danginsa, yana tsinka igiyoyin da ke riƙe da ƙarfin silin, kuma waɗanda ya tsinka ba sa komawa. Hoda ma waɗannan igiyoyin take ci. In an haɗa su a sili ɗaya, sai ki ga gashi a jiƙe yana miƙewa ba ya komawa, yana tsinkewa a mataji. Yaya Ƴar Tibiri, wannan ne bambancinki da ita.

Lalle kuma daban yake. Sinadarinsa, lawson, manne wa jikin gashin yake yi, ba ya wankuwa kuma ba ya haskaka komai. Hoda tana cire baƙin ta bar lallen, sai wurin ya tsaya a lemo mai ƙarfi ya ƙi zuwa rawaya. Ga mai son jan ƙarfe wannan ba matsala ba ce sosai. Ga mai son na zinare hanya ta toshe.

Ƙanwar Amarya: Ƙanwata na gode. Ke nan lallen bara ya hana ni wanda na fi so?

Ɗalibar Kimiyya: A tsakiya da baki, e. Sai kuma ki tambayi Mama wane lalle ne. In ganye ne aka daka a gida, lafiya lau. In na leda ne da aka rubuta yana ba da ruwan ƙasa ko baƙi, wasu ana sa musu gishirin ƙarfe, kuma in ya haɗu da oksidan yana yin zafi har gashi ya ƙone. In kuma akwai baba na rini a ciki, hoda kore take mai da shi.

Maman Ƴan Biyu: Wata maƙwabciyata ta ce ruwan oksijene na farmasi ma yana yi, wai har jabel, ruwan faranta tufafi, in an sirka da ruwa.

Ɗalibar Kimiyya: Jabel a'a, don Allah a'a. Narkar da gashi yake yi, ya ƙona fata, in ya shiga ido kuma babbar magana ce, in ya gamu da amoniya ya tada iska mai guba. Na farmasi na wanke ciwo ne, yawanci mai 10, tsararo ne yana gangarowa ido, ba zai ba ki komai ba sai bushewa da ja marar kyau.

Ma'aikaciyar Jinya: Ƙanwar Amarya, ga tambayata, kuma ita ce ta fi damuna a duk zancen nan tunda biki ne. Za ki yi baƙin zanen dayis a hannu? Kin taɓa yi ya yi miki ƙaiƙayi ko ƙuraje a kan layin zanen?

Lalle na gaskiya ba ya baƙi. Abin da ke sa zanen ya yi baƙi cikin ɗan lokaci sinadari ne da ake kira PPD, kuma shi ɗin ne ko ɗan uwansa ke cikin yawancin rinin gashi mai oksidan. Rini mai duhu ya fi yawansa, amma masu ja ma ba su kuɓuta ba. Jiki na iya karɓarsa shekaru, rana ɗaya ya ƙi shi, kuma in ya ƙi ya ƙi ke nan har abada. Mun karɓi mace da fuska a kumbure idanu a rufe, kunne na tsiyayar ruwa, kwana biyu bayan rini, kuma da muka bincika zanen biki ne ya fara yi mata ƙaiƙayi tun da can ba ta ɗauke shi komai ba.

Saboda haka gwajin awa 48 dole ne. Ki bi yadda takardar cikin kwalin ta ce, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ko lanƙwasar gwiwar hannu, ki jira kwana 2 cur. Ja, ƙaiƙayi, kumburi, ko ɗaya kika gani ki haƙura da kwalin. In kuma kina cikin rini kika ji leɓe ko harshe na kumbura ko numfashi na yi miki wuya, ki wanke da ruwa mai yawa a kai ki asibiti nan take, kada a tsaya jiƙa magani. Mai ciwo ko ƙuraje a fatar kai ta bari sai ta warke.

Ƙanwar Amarya: Na sha yin dayis Anti, bai taɓa yi min komai ba. Amma zan yi gwajin in sha Allah.

Malamar Islamiyya: Tunda an kawo gemun dattawa, bari in sa baki a taƙaice. Rina furfura da lalle sunna ce. A hadisin da Muslim ya ruwaito, ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarni a sauya farin, a nisanci baƙi. Saɓanin malamai a kan baƙi yake, ja da rawaya ba su da wannan matsalar. Rini launi ne da ke shiga gashi, ba ya hana ruwan alwala ko na wanka isa, da zarar an wanke kwaɓin. Ado ne na cikin gida da wurin mata, matar aure kuma ta yi shawara da maigidanta.

Ɗalibar Kimiyya: Hajiya Inna, akwai abin da zai ba ki mamaki. Launin zinaren nan da Yaya ke nema, masu furfura ne suka fi kowa samunsa cikin sauƙi, ba hoda ba oksidan. Garin da Turawa ke sayarwa da sunan lalle marar launi ganyen filasko ne. A baƙin gashi ba ya nuna komai sai sheƙi, a farin gashi yana ba da rawaya mai sanyi. In aka sa filasko da yawa lalle kaɗan, kamar kashi 4 da kashi 1, furfura ta fito ruwan zinare mai ɗan ja. In lallen ya yi rinjaye ta koma jan ƙarfe.

Hajiya Inna: Filasko dai namu na wankin ciki? Ikon Allah. Ga shi nan yana fitowa ko'ina a bayan gari. Ni lalle zalla nake sa ma hurhurata, yana yi mini ja da yawa har ina rage sa shi. Wanga zan gwada. Amma maganata ta farko tana nan ga ƴan mata.

Ƙanwar Amarya: Na ji Hajiya, Allah ya ƙara girma. Mama ta ce ganye ne ta daka da kanta. Tanti, na haƙura da na zinaren. Jan ƙarfen yaya zan yi?

Tanti Mai Salon: Madalla. Fara yanke bakin nan mai defirizan, ko rabinsa ne, don shi zai fara zuba. Sannan ki tara gashin da ke fita a mataji ki gwada a kansa, dogon sili wanda ya haɗa sabo da mai lalle, ki ga launin da zai bayar da minti nawa ya ɗauka. In kin ja shi a jiƙe ya tsinke, magana ta ƙare.

Hanya biyu ce. Mai sauƙi: rini 6.4 ko 7.4 da oksidan 30, ba hoda. Zai ba ki jan ƙarfe mai duhu, a ɗaki kamar ruwan ƙasa, a haske ya yi ja. Wurin lallen ba zai ɗagu kamar sabon ba, amma jan da ke jikinsa zai rufa asiri. Ni wannan nake ba ki shawara a karon farko. Ta biyu: hoda da oksidan 20, a tsaya da zarar ya kai lemo, a wanke, sannan a ɗora 7.4 da oksidan 10. Ita ce ke ba da irin na akuyar da kika faɗa, amma kada ki yi ke kaɗai, ki samu mai duba miki ƙeya.

Ko wacce kika ɗauka, kwanon roba da buroshi, ba ƙarfe ba. Safar hannu. Ki auna yadda takardar ta ce, kada ki kwaɓa da ido, kuma abin da ya rage a zubar, kada a rufe shi a kwalba don fashewa yake. Kada ki wanke kai ranar ko jajibirinta, maiƙon fatar kariya ne, kuma kada ki sosa. Ki raba gashi huɗu, ki shafa basilin a goshi da kunne. Ki bar kamar santimita 2 daga fata, ki fara da tsawon, tushe a ƙarshe, don ɗumin kai na sa tushe ya riga sauran. Ki yi da sassafe a inuwa inda iska ke shiga, agogo a gabanki. Hoda ki riƙa dubawa duk minti 5 zuwa 10, kuma kada ta wuce lokacin da aka rubuta ko da launin bai kai ba. Gashi mai yawa kwali ɗaya ba ya isa, sayi biyu, ki duba ranar lalacewa, ki guji wanda ya sha rana a kan tebur.

Lokaci kuma: kamar mako 2 kafin biki. Kada ki yi ƙananan kitso masu ja ko ƙari mai nauyi a satin farko.

Maman Ƴan Biyu: Ƙanwata ta yi ja mai kyau, wata ɗaya ya koɗe. Me ke kawo haka?

Tanti Mai Salon: Ja ya fi kowane launi saurin gudu. Sabulun salo, sabulun wanki, kanwa, ruwan zafi, duk buɗe silin suke launin ya fita. Ta wanke da ruwa mai sanyi da shamfu mai laushi, sau ɗaya a mako ya isa. Shamfu mai ruwan shuɗi ko shunayya da ake tallatawa na masu gashin rawaya ne, kashe jan yake, kada ta taɓa. Rana ma na cinsa, amma mu da kallabi da hijabi mun huta da wannan. Man kaɗanya ko na kwakwa a tsawon gashin. Tushe zai fito baƙi cikin mako 4 zuwa 6, kuma shi kaɗai ake taɓawa, ba a sake bin wanda ya riga ya sha.

Hajiya Inna: Ku wanke da karkashi. Yaukinshi na warware gashi ba tare da ya bushe ba, da shi muka tashi.

Ƴar Tibiri: Karkashi kam na yarda, nima shi nake sawa tun da na yi nawa. Hajiya, filaskon da ƴaƴansa ake dakawa ko ganyen kawai? Gwaggona na so.

Hajiya Inna: Ganyen kawai za ni sa, a shanya a inuwa kamar lalle, a daka a tankaɗe da rariya mai laushi don kada ya maƙale a kai. Ɗalibarmu, da ruwan ɗumi ake kwaɓawa ko da tsami?

Ɗalibar Kimiyya: Ruwan ɗumi ya wadatar Hajiya, ba tafasasshe ba. In za ki sa lemon tsami, kaɗan, don yana busar da gashi. Ki bar kwaɓin ya ɗan kwanta, ki shafa ki rufe da leda awa 1 zuwa 2. Ki fara gwadawa a ɗan gefe ta bayan kunne, kuma kada ki yanke hukunci ranar, lalle sai bayan kwana 2 zuwa 3 yake nuna launinsa na gaskiya.